Muhawara: Wace manhajar taswira ce ta san hanyoyin Sakkwato?

Shugaban Zaure:
Assalamu alaikum. Jama'a barkanmu da war haka. Maganar da aka taɓo jiya bayan Isha'i ba ta ƙare ba, shi ya sa na buɗe mata wuri nata. Mota biyu su tashi daga Gawon Nama za su Birnin Kebbi, kowane direba da manhajar taswirarsa a waya, sai wannan ta ce a bi ta Argungu, waccan ta ce a miƙe Tambuwal a ɓullo ta Jega. Me ke kawo saɓanin? Kuma mu a nan Sakkwato wacce ya kamata mutum ya riƙe? Don Allah mai magana ya zo da dalili.

Malam Safiyo:
Wa alaikumus salam. Kafin a fara auna manhajoji a raba aiki uku da mutane ke cakuɗawa: sanin inda kake, zanen hanyoyi, da zaɓen wadda za a bi.

Na farkon ba aikin manhaja ba ne, aikin waya ne. Taurarin ɗan'adam na GPS, mallakar Amurka, suna kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,200, kuma sai waya ta ji aƙalla 4 daga cikinsu kafin ta lissafa wurinta. Wayoyin yanzu suna haɗawa da GLONASS na Rasha, Galileo na Turai da BeiDou na China. A fili, inda babu rufi, kuskuren yakan tsaya wajen mita 5. Wannan ba ya cin data ko ta sisi, domin sauraro kawai waya take yi, ba ta aika komai sama. Saboda haka a waya ɗaya, ɗigon nan shuɗi wuri ɗaya yake, ko Google Maps ka buɗe ko Waze ko OsmAnd. Saɓanin da Shugaba ya kawo yana cikin aiki na biyu da na uku.

Ɗalibar Kwamfuta:
Bari in ɗora a kan na uku, Malam. Manhaja ba ta ganin titi yadda muke ganinsa. A wurinta gari mahaɗu ne da guntayen hanya da suka haɗa su, kowane guntu kuma an rataya masa lamba: daƙiƙa nawa ake ci kafin a wuce shi. Aikinta ta tara lambobin ta fito da jerin da ya fi ƙaramin jimla. Tushen lissafin tsoho ne, wani masani ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya wallafa shi tun 1959, kuma duk manhajojin nan jikokin wannan dabarar suke amfani da su. Ba a lissafi suka sha bamban ba, a lambobin da kowacce ta rataya wa hanya ne.

Ga misali. Hanya ta farko kilomita 12 ce, kwalta, an ɗauka ana gudun 40 a awa, minti 18 ke nan. Ta biyu kilomita 9, an ɗauka ana gudun 30, ita ma minti 18. A wurin manhaja kunnen doki suka yi, ko minti ɗaya ya gitta sai ta juya ka ta biyun. To idan ta biyun yashi ne da kwazazzabo, gudun gaskiya 15, minti 36 za ka ci. Lissafin bai yi kuskure ba, ƙarya aka ba shi ya ci.

Baba Direba:
'Yata, Allah shi yi miki albarka, kin hwaɗi abin da munka daɗe muna gani ba mu san sunanshi ba. Ɗauki Sakkwato zuwa Illela, wajen kilomita 85, ta Kware da Gwadabawa. Waya za ta ba ka awa ɗaya da 'yan mintoci. Ba ta san shingayen jami'ai ba, ba ta san tudun da anka yi cikin kowane gari don rage gudu ba, ba ta san ran Lahadi kasuwar Illela ka ci ba, shanu da motocin kaya sun cika bakin gari. Haka Achida ran Laraba ga mai bin hanyar Wurno. Wanda duk za ya yi alkawari da mutum bisa lokacin da waya ta ba shi, shi ƙara kashi ɗaya cikin huɗu a kai. Ran kasuwa shi ƙara fiye da haka.

Mai Gyaran Waya:
Baba, a nan zan ɗan kare Google Maps. Ba sanin shinge take yi ba, gaskiya ne, amma tana iya jin alamarsa. Launukan da kake gani a titi, kore da ruwan lemo da ja, daga wayoyin mutanen da ke kan titin ake samo su, waɗanda suka bar lokeshan a kunne. Idan wayoyi da yawa suka rage gudu a wuri ɗaya sai ta shafa ja. Kuma tana ajiye tarihi: gudun da aka saba yi a wannan guntun, a wannan ranar, a wannan sa'ar. Wani mai zane a Balin ta Jamus, Simon Weckert, ya nuna yadda abin yake a 2020. Ya zuba wayoyi 99 a ƙaramin amalanke yana ja a ƙasa, taswira ta shafa wa titin ja alhali babu motoci.

Abin lura shi ne yawan wayoyi. A Titin Ahmadu Bello, Titin Maiduguri, kewayen Babbar Kasuwa, akwai Android da yawa, launin yakan yi kusa da gaskiya. Da ka wuce Kwannawa ka nufi Dange da Tureta wayoyi sun ragu, wasu an kashe musu data, sabis ma yana yankewa. A can sai ta koma ƙiyasi. Kuma inda ba a shafa launi ba, ba yana nufin hanya lafiya lau ba ne, yana nufin ba ta da labari.

Mai Tasi:
Ni dai ina nan a kan Waze. Jama'a suna raina ta ne don ba su shiga saitinta ba. Tana da abin da Google Maps ba ta da shi: zaɓin hanyar da ba kwalta. Uku ne, ko ka yarda da ita, ko ka hana gaba ɗaya, ko ka ce a kauce wa masu tsawo kaɗai. A Google Maps kuwa abin da za ka iya hanawa shi ne hanyar biyan kuɗi, babbar hanya da jirgin fito. Mu a jihar nan wanne ya fi damunmu, jirgin fito ko burji? Ga kuma rahoton direbobi, rami, haɗari, mota ta lalace a kan hanya, an rufe titi. Tana ma tambayarka irin abin hawanka, motar gida ko tasi ko babur.

Mai Gyaran Waya:
Ƙanena, duk abin da ka lissafa akwai shi. Amma Waze kasuwa ce, sai da mutane take ci. A Isra'ila aka ƙirƙire ta, Google ta saye ta a 2013, kuma tun asali ƙarfinta direbobi masu kai rahoto ne da masu gyara taswira na sa-kai. Buɗe ta yanzu a Runjin Sambo ka duba direba nawa take nuna maka a kusa, sannan ka gwada haka a Abuja. Inda babu mai kai rahoto, shirun da ka ji ba lafiya ba ce. Na biyu, ba ta da taswirar saukewa, wato wadda ake ajiyewa cikin waya ta yi aiki ko babu sabis. Hanyar da ta zana maka tun kana da sabis za ta riƙe, amma idan ka kauce a inda babu sabis ba za ta iya zana maka sabuwa yadda ya kamata ba.

Ɗalibar Kwamfuta:
Kuma zaɓin kauce wa burji yana aiki ne kawai idan wani ya riga ya rubuta cewa wannan hanyar burji ce. Idan an zana ta daga hoton sama ba a saka mata alama ba, manhaja za ta ɗauke ta kamar kowane titi. Maɓallin yana nan, bayanin da zai ciyar da shi ne babu.

Mai Tasi:
Na karɓi maganar sabis. Ta rashin mutane kuwa, ai mu ne mutanen. Idan direbobin tasha ɗaya suka ɗaure suna buɗe ta kullum suna kai rahoto, wata uku ya isa a ga bambanci a hanyar da suke bi. Ba zan sauke ta ba, sai dai in yi mata abokiyar zama.

Malam Safiyo:
Abokiyar zaman da zan ba ka shawara ita ce ɗaya daga cikin masu cin taswirar OpenStreetMap, wato Organic Maps ko OsmAnd. OpenStreetMap an fara ta a Ingila a 2004, taswira ce ta kowa da kowa, duk mai asusu yana iya zana hanya ya kuma rubuta halinta: kwalta ce, burji ce, turbar gona ce, gada na ɗaukar nauyi kaza. Manhajojin biyu suna sauke taswirar gaba ɗaya cikin waya, nema da zana hanya duk a cikin wayar ake yi, ko babu layi a ciki. Dukansu suna da zaɓin kauce wa hanyar da ba kwalta. Organic Maps ta fi sauƙi ga mai koyo. OsmAnd ta fi zurfi amma saitinta da yawa, kuma ta kyauta saukewa 7 take ba ka, kada ka ɓarnatar da su a ƙasashen da ba za ka je ba.

Rauninsu a fili yake. Ba su san cunkoson yanzu ba sam, kuma shaguna da gidajen mai da wuraren cin abinci ba su kai na Google yawa ba. Lokacin isowa da suke bayarwa daga nau'in titi kawai suke ƙiyasta shi, don haka yakan fi na Google kaucewa. Amma a ƙauye wani lokaci za ka tarar da turba a cikinsu wadda Google ba ta zana ba, wani lokaci kuma akasin haka. Ya danganta da wanda ya zauna ya zana yankin.

Masu iPhone, Apple Maps ta samu taswirar saukewa tun iOS 17 a 2023. HERE WeGo ma, wadda asalinta ta Nokia ce, tana sauke ƙasa sukutum. Kada ku karɓi maganar kowa a kansu. Ku yi gwajin wuri biyar: ku nemi wurare biyar da kuka sani kamar tafin hannunku, misali Hubbare, filin jirgin sama, unguwarku, garin kakanninku, da wata makarantar ƙauye. Wadda ta samo huɗu a daidai wurinsu ta cancanci zama a waya.

Baba Direba:
Malam, duk na ji. Amma akwai abu guda da ba ɗaya cikinsu da ta sani, kuma shi ya fi komi nauyi a wagga ƙasa tamu. Ba su san tsaro ba. A wurinsu hanyar Sabon Birni zuwa Isa zuwa Shinkafi guntun titi ne mai minti kaza, daidai da Titin Kano. Mai zuwa Katsina, akwai zane mai gajarta ta Gusau, Ƙauran Namoda, Zurmi, Jibiya, kuma manhaja gajarta take so. Wanda bai san ƙasar ba sai shi bi muryar waya shi faɗa inda direbobin haya ba su shiga sai da lokaci, ko ba su shiga sam. Kuma halin hanya shina sauyawa, wadda anka bi lafiya wancan mako ba dole ta zam lafiya yau ba.

Don haka ƙa'ida ita ce, zaɓen babbar hanya ba na waya ba ne. A tafi tasha da safe a tambayi direbobin da sunka shigo jiya da waɗanda za su fita yau: ta ina kuke bi, ƙarfe nawa kuke tashi, ina ne ba a wucewa bayan La'asar. In an samu amsa, sannan a tilasta wa waya ta bi wagga hanyar.

Hajiya Mai Aike:
Baba, Allah ya ƙara girma. Yaya ake tilasta mata? Yara da yawa sun iya buɗewa amma wannan ba su sani ba.

Mai Gyaran Waya:
Hajiya, da zango ake ɗaure ta. A Google Maps, bayan kin saka inda za ki ta zana hanya, ki taɓa ɗigo uku da ke sama a dama, ki zaɓi ƙara wurin tsayawa. Tana karɓar har 9 bayan wurin tashi. Mai zuwa Kano sai ya jera Tureta, Talatar Mafara, Gusau, Tsafe, Funtuwa. Daga Funtuwa ya zaɓa da kansa, ko Zariya, ko Malumfashi da Gwarzo, gwargwadon abin da 'yan tasha suka ce, ya saka garin a matsayin zango. Idan aka yi haka ba ta da ikon tsallake garuruwan nan.

Abubuwa biyu ke ɓata wannan. Na ɗaya, idan sunan gari kawai kika rubuta, tsinken zai sauka a tsakiyar garin, sai ta shigar da ke cikin kasuwa ta fito da ke. Maganinsa ki buɗe taswirar sosai ki danna ki riƙe a kan babban titin da ya ratsa garin, ki yi zango da wannan wurin. Na biyu, ana cikin tafiya takan fito da saƙo cewa ta samo hanya mafi sauri, wani lokaci idan ba a taɓa ba sai ta ɗauka an yarda. A tafiyar daji, wanda ke gefen direba ya sa ido ya ƙi karɓa. Ba direba ba, domin riƙe waya ana tuƙi laifi ne a wurin jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC, ga haɗarinsa.

Malam Safiyo:
A ƙara da damina. Daga Yuli zuwa Satumba fadamar Rima da ta gulbin Sakkwato suna cika, mashigin da ake ratsawa da rani ya zama ruwa. Taswira ba ta da damina da rani, zanen Maris shi ne na Agusta. Hoton sama da ake kunnawa ma tsoho ne, yana iya kai shekara ko fiye, kuma ba lallai a lokacin ruwa aka ɗauke shi ba. Ko babban titi bai tsira ba, kowa ya tuna ambaliyar 2010 da ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Idan ruwa ya cinye gada yau, manhaja za ta ci gaba da tura mutane can har sai wani ya kai rahoto an karɓa.

Shugaban Zaure:
Mai Gyara, ka yi mana bayanin saukewa daki-daki. An yi ta ambatonsa ba a faɗi yadda ake yi ba.

Mai Gyaran Waya:
To, ranka ya daɗe. Dalilin da ya sa nake matsa wa mutane a kan wannan, a tuna Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya a Zamfara baki ɗaya da ƙananan hukumomi 14 cikin 23 na jihar nan. GPS bai tsaya ba a lokacin, taurari ba ruwansu da turakun sabis. Wanda yake da taswira a cikin waya yana ganin inda yake, wanda ba shi da ita ɗigo shuɗi yake gani a kan farin allo.

A Google Maps ka taɓa hotonka a sama ta dama, ka shiga sashen taswirar da ake saukewa, ka zaɓi yanka taswirarka da kanka. Akwati zai fito, ka ja shi ya rufe yankin da kake so, za ta nuna maka megabait nawa zai ci kafin ka danna. Akwati ɗaya ba ya ɗaukar Sakkwato zuwa Kano, sai ka yanka biyu ko uku, kuma ka bari bakinsu ya hau kan juna, in ba haka ba za a samu rami a tsakani inda hanya za ta yanke. Idan wayar ta cika, akwai zaɓin ajiyewa a memori. Taswirar tana da ranar ƙarewa, ka kunna sabuntawa da kanta, ko ka riƙa leƙawa kafin doguwar tafiya.

Ka san iyakarta kuma. Babu sabis, hanyar mota kawai za ta ba ka, babu ta ƙafa, babu cunkoso, babu zaɓin hanya ta biyu. Kafin ka dogara da ita ka gwada a gida: sa waya a yanayin jirgin sama, bar lokeshan a kunne, fita tsakar gida, nemi Bodinga ka ce ta kai ka. Idan ta zana, ka shirya. Idan ɗigon ya yi jinkirin fitowa kada ka ce ta lalace. Da data waya takan sauko da jadawalin taurari cikin daƙiƙu, babu data sai ta saurare shi daga sama, yana iya ɗaukar mintoci. Ka tsaya a fili ka ba ta lokaci.

Masu ƙananan wayoyi da ke zuwa da Google Maps Go, wannan ba ta saukewa. Ku saka Organic Maps.

Ɗan Kabu-kabu:
Yayyena, ku taɓo namu. Tun 2019 Google ta saka hanyar babur a Najeriya, alamar babur na nan tsakanin mota da ƙafa. Wanda ya bar ta a kan mota shina asarar mai, don za ta zagaya da shi ta shataletale alhali ga lungu. Amma cikin tsohon gari, Kanwuri da bayan Masallacin Shehu da wajen Tsohuwar Kasuwa, lungunan sun matsu, katanga kusa da katanga, ɗigon shina tsalle daga wanga lungu zuwa wancan. Sai ka ji tana ta sake lissafi tana cewa ka juya. Mi ka kawo haka?

Malam Safiyo:
Abu biyu ne, ƙanena. Saƙon tauraro yana bugun bango ya dawo kafin ya iso waya, sai ta ɗauka ya yi tafiya mai tsawo, kuskuren ya tashi daga mita 5 zuwa 20 ko fiye. Ita kuma manhaja tana da ɗabi'ar jawo ɗigon ta ɗora shi kan titi mafi kusa. Idan lungu biyu na tafiya kafaɗa da kafaɗa, tazararsu ba ta kai kuskuren ba, sai ta riƙa ɗora ka nan ta ɗora ka can. Haka yake faruwa a gadar sama, ba ta bambance wanda ke sama da wanda ke ƙasa sai an yi nisa. Wayoyin da ke kama saƙon tauraro a zango biyu, L1 da L5, sun fi jure wannan. A lungu ka kashe muryar, ka duba zanen tun kafin ka shiga, ka ƙirga kwana nawa za ka yi.

Idan kuma kibiyar ce ke kallon baya kana tsaye, kamfas ne ya rikice. Ka juya wayar a iska kamar kana rubuta 8 sau uku ko huɗu. Maƙalin waya mai maganaɗisu yana jawo wannan. Da ka fara tafiya takan gyaru, don a lokacin daga motsinka take gane gabanka.

Hajiya Mai Aike:
Ni abin da na ga ya fi ɓata lokacin masu kai kaya ba zaɓen hanya ba ne, wurin zuwan ne. Gidajenmu ba su da lamba, kwatance muke yi, bayan gidan mai, kusa da masallaci, ƙofa mai launin kaza. Manhaja ba ta jin wannan. Sunaye kuma suna maimaituwa. Rubuta Tudun Wada ka gani, akwai ta nan, akwai ta Gusau, ta Kaduna, ta Kano. Illela ma biyu ce, tamu ta bakin iyaka da wata a jihar Tawa ta Nijar. Ga rubutu iri-iri, Wamakko da Wamako, Tambuwal da Tambawal. Duk wanda ya danna na farko da ya fito ba tare da ya duba jiha da kilomita ba, ya sayi wahala da kuɗinsa.

Abin da ke aiki shi ne mai karɓar kaya ya fito ƙofar gida, ba cikin ɗaki ƙarƙashin kwano ba, ya jira da'irar da ke kewaye da ɗigon ta ƙanƙance, sannan ya tura lokeshan ta WhatsApp. A tura na wurin da ake tsaye, wanda ba ya motsi. Mai motsin na minti 15 ne ko awa 1 ko awa 8, yana bin mai wayar duk inda ya tafi, idan ya fita kasuwa ɗan aike zai bi shi kasuwa. Mai motsin amfaninsa ga matafiyi ne, ya tura wa iyalinsa su riƙa ganin inda ya kai.

Ɗalibar Kwamfuta:
Hajiya, akwai kuma Plus Code ga gidan da ake yawan zuwa. Ki danna ki riƙe a ƙofar gidan a Google Maps, a bayanin wurin za ki ga 'yan haruffa da lambobi masu alamar tarawa a tsakiya, da sunan gari a gefe. Yana nuna fili mai faɗin kamar mita 14, ana iya rubuta shi a takarda ko a tura ta saƙon tes. A haɗa da sunan garin koyaushe, gajeren ba ya tsayawa shi kaɗai.

Masu kwafar lambobin wuri kuma su kula da jeri. Sakkwato tana wajen 13.06 arewa, 5.24 gabas, kuma na arewa ake fara rubutawa. Idan aka juya su, tsinken a Kamaru zai sauka. Kada kuma a yanke wutsiyar lambar, digiri ɗaya kusan kilomita 111 ne, don haka lamba biyu bayan ɗigo tana iya kauce wa gida da kilomita guda. A riƙe lamba biyar bayan ɗigo.

Alhaji Mai Tirela:
Salamu alaikum, na shigo a makare. Ku gaya wa yaran manyan motoci gaskiya. Google Maps da Waze ba su da hanyar babbar mota, duk wanda ya buɗe su ƙaramar mota suke ɗaukarsa. Mai ɗauke da siminti daga Kalambaina, idan ya bi su, za su iya cusa shi cikin gari a titin da tirela ba ta iya kwana, alhali ga hanyar bayan gari. OsmAnd tana da wurin saka tsawo da faɗi da nauyin mota, amma kamar yadda 'yarmu ta faɗa, sai an rubuta iyakar gadar a taswira take aiki. Babbar mota a ɗaure ta da zango a kan hanyar bayan gari tun kafin a tayar da inji.

Mai Gyaran Waya:
Alhaji, tunda an zo kan doguwar tafiya, saura zafi. A Afrilu da Mayu garin nan yana haura digiri 40, Apple kuwa ta rubuta cewa iPhone an yi ta ne ta yi aiki tsakanin 0 da 35, sauran ma ba su yi nisa da haka ba. Waya a manne a gilashin gaba, rana na dukanta, allo a ƙure, GPS a kunne, ga caji, dole ta rage haske, ta daina caji, ko ta mutu a daidai mararraba. Batirin ma yana kumbura da irin wannan. A maƙala ta a bakin iskar AC ko ƙasa inda inuwa take, a cire mata riga mai kauri. Caja mai ƙaramin ƙarfi, wadda aka rubuta wa 1A, ba ta riƙe ta, za ka ga tana jone tana raguwa, a nemi mai 2A zuwa sama da igiyar caji mai kyau. Hoton sama a kashe shi, shi ke shan data yana ƙara zafi.

A Tecno da Infinix da itel kuma, idan murya na yankewa da allo ya mutu, saitin tattalin batir ne ke kashe manhajar a ɓoye. A shiga saitin batir a cire mata takunkumi. A Android 12 zuwa sama a duba izinin lokeshan, a tabbata an kunna na daidai-wa-daida, don akwai na ƙiyasi wanda unguwa kawai yake nunawa.

Mai Tasi:
Malam Safiyo, idan mutum ya ga titi ba daidai ba, ina ya fi saurin gyaruwa?

Malam Safiyo:
OpenStreetMap. Ka buɗe asusu a kwamfuta, ka zana ko ka sauya alamar titin, cikin mintoci ya hau babbar taswira, amma ba zai iso wayarka ba sai manhajar ta fitar da sabuwar taswira ka sauke. A Google Maps ka shiga sashen ba da gudummawa ka zaɓi gyara taswira, su kuma sai sun duba, yana iya ɗaukar kwanaki ko makonni, suna iya ƙi. A Waze sabon mai gyara ana ba shi izini ne a kewayen inda ya tuƙa da manhajar a buɗe. Sharaɗi ɗaya mai ƙarfi: kada a kwafo daga Google a zuba a OpenStreetMap, dokarsu ta hana, za a goge. Abin da ka gani da idonka ko ka bi da wayarka shi za ka saka. Kuma alamar da ta fi amfani a jihar nan ba sabon titi ba ne, rubuta wa tsofaffin cewa wannan kwalta ce, wannan burji ce.

Baba Direba:
Masu ƙetarawa Ƙwanni su ƙara wanga. Taswirar Najeriya da kunka sauke a Organic Maps a bakin iyaka take tsayawa, ta Nijar daban ake sauke ta, kuma a yi shi tun a Sakkwato inda data ke da sauƙi. In za ku nemi garin, da rubutun Faransanci ya fi fitowa, Birni N'Konni.